Tunawa da Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki

Yau za mu ɗan waiwayi tarihi. Kada wani ya ce mun bar nahawu fa, domin mutumin da za mu tuna da shi, sunansa kaɗai ya isa darasin mako guda. Ina nufin marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023, bayan doguwar jinya, yana da shekara 81.

Waɗanda suka manyanta ba sai an yi musu bayani ba. Da an ce Samanja za ka ga sun yi murmushi, sun tuna da kaki da gashin baki da tsawa, da lokacin da gida ɗaya ne mai talabijin a layi, yara su cika tsakar gidan maƙil. Ƙannenmu na yanzu kuwa, da yawansu sunan kawai suka sani, wasu ma sun ɗauka sunan yanka ne. To saboda su aka yi wannan rubutu, da kuma wata tambaya da ta shafi kowa a nan: yaya ya kamata mu ɗauki Hausar wanda ba Bahaushe ba?

ASALINSA

An haifi Usman Baba a ranar 20 ga Mayu, 1942, a garin Pategi da ke bakin kogin Kwara, a cikin jihar Kwara ta yau. Garin Nufawa ne, ya kuma yi suna da wasan tseren kwale-kwale. Ga darasi na farko tun daga nan: a jerin baƙaƙen Hausa babu "p", shi ya sa a rubuce za ka ga Pategi, amma a bakin Bahaushe Fategi za ka ji.

Ɗan sarauta ne, mahaifinsa ya riƙe sarautar Etsu Pategi. "Etsu" da Nufanci shi ne sarki. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce midil a Ilori, daga nan ya nufo Kaduna neman abin yi. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya koma gidan rediyo. Wannan gida shi ne wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, zamanin Sardauna, mai rediyo da talabijin a haɗe. Daga baya aka raba su, talabijin ya shiga ƙarƙashin NTA da aka kafa a 1977, rediyo kuma ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna.

Da yaƙin basasa ya taso, wanda aka gwabza daga 1967 zuwa 1970, aka yi ta kiran samari su shiga soja. Usman Baba na cikin waɗanda suka amsa kira, ya sami horo a ɓangaren sadarwa, wato sigina. Saboda haka kakin da aka riƙa ganinsa da shi a talabijin ba baƙonsa ba ne. Ya yi fareti na gaske, ya sha tsawar samanja na gaske, ya zauna a bariki ya ga yadda ake rayuwa a ciki. Abin da ya gani da idonsa ne ya juya ya zama wasan kwaikwayo a shekarun 1970, a rediyo da talabijin na Kaduna, har daga baya NTA ta riƙa watsa shi ga ƙasa baki ɗaya, mutanen kudu ma suka san Samanja.

Wani abin da ake yawan tunawa da shi a tarihinsa shi ne batun sarauta. Yana cikin 'ya'yan gidan da ke da gadon Etsu, amma da dama ta zo bai bi ta ba, ya zaɓi ya ci gaba da zamansa a Kaduna da sana'arsa. A ƙasar da ake kiran mai wasan kwaikwayo "ɗan wasa" da ɗan guntun raini a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

ME YA SA WASAN YA KARƁU?

Sai mun duba zamanin kafin mu gane. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙi sun kai kimanin 250,000. Barikin da ake da su ba su isa ba, sai sojoji da yawa suka kama haya a cikin unguwanni, suna cuɗanya da farar hula a kasuwa da tasha da bakin famfo. Ga shi kuma mulki a hannun soja yake, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, in ban da 'yan watanni a 1993. Talaka yana ganin soja kullum, yana tsoronsa, amma bai san cikinsa ba.

Samanja ya buɗe wa mutane ƙofar bariki suka leƙa. Sai ga shi ashe soja ma mutum ne, yana da iyali, yana da maƙwabta, yana jiran ƙarshen wata kamar kowa, yana kuskure a hukunta shi. Mutumin da ba ya iya ɗaga ido ya dubi mai kaki da rana, da dare sai ya zauna ya yi masa dariya har da hawaye. Su kansu sojojin suna kallo suna dariya, don sun san wanda ke yin wasan nasu ne, kuma bai fito don ya ci mutuncin kaki ba. A tsakiyar dariyar kuma ana cusa horo a kan ɗa'a da bin doka da zaman lafiya tsakanin soja da farar hula.

Zaɓen muƙamin ma akwai hikima. Samanja shi ne babba a cikin ƙananan sojoji, amma bai kai hafsa ba. A tsakiya yake. In ya juya ƙasa, kurata na karkarwa. In ya juya sama, shi ne zai ƙame ya sara wa ƙaramin laftanar da wataƙila ya haife shi. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani kuma a saman wani ya san wannan hali, ko helma ne ko hedimasta. Shi ya sa wasan bai tsaya ga sojoji kaɗai ba.

SUNAN DA KANSA

"Samanja" ararriyar kalma ce daga Turanci, asalinta kalmomi biyu ne, "sergeant major". Turawan Ingila a bariki ba sa furta ta farkon cikakkiya, haɗiye ta suke yi, sai kunnen kurtu ya ji "sa" kawai. Ta biyun kuma ta zama "manja", aka saƙala mata "n" wanda babu shi a asali. Wannan "n" ɗin shi ne dai a "manjo". Abin sha'awa, tushe ɗaya ne ya ba mu "manjo" da "manja" na cikin samanja, amma Hausa ta bambanta wasalin ƙarshe, ta bambanta muƙaman. Haka kuma kalmar farkon in ta tsaya ita kaɗai "saje" ce ko "sajan".

Ku lura da jinsi. Mun saba cewa yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" jinsin mace ne: riga, mota, gona. Amma samanja, soja, hafsa duk da "a" suka ƙare, kuma muna cewa "samanjan nan", "sojan ya zo", "hafsan ne". Dalili shi ne in suna na mutum ne, jinsin mutumin ake bi, ba wasalin ƙarshe ba. Shi ya sa in mace ce za mu ce "ita soja ce".

Sai kirarin, "Mazan Fama". "Fama" a nan gwagwarmaya ce ta yaƙi, irin ta "fagen fama". "Maza" jam'i ne, "n" kuma gajeriyar nasaba ce da ta haɗa su. To ga tambaya: mutum ɗaya ne, me ya kawo jam'i? Amsa ita ce jam'in girmamawa ne, wanda kirari ya saba da shi. Kamar yadda za ka gamu da tsohon soja shi kaɗai ka ce masa "mazan jiya", ko ka ce wa jarumi "mazaje". Da an ce "namijin fama" da nahawu bai karye ba, amma da armashin ya ragu.

Samanja ba ita kaɗai ta fito daga bariki ba. Kusan duk muƙaman soja haka suka shigo: kurtu, las kofur, kofur, saje, laftanar, kyaftin, manjo, kanar, birgediya, janar. Ga kuma soja, hafsa, kwamanda, bataliya, fareti, maci, sintiri, begila, gadi, oda, kaki, fansho. Kowace ta bi dokar gaɓar Hausa kafin ta sami wurin zama. A "birgediya" an raba baƙaƙe biyun da suka yi cunkoso a farkon kalma, don Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu. A "fareti" an mayar da "p" ya zama "f", an kuma ƙara wasali a ƙarshe. A "kurtu" an shafe gaɓar farko ɗungurungum. A "kyaftin" an sami "ky" kamar na "kyau". Da suka zauna kuma sai suka ɗauki jam'i irin na gida: soja sojoji, hafsa hafsoshi, kurtu kurata. Dubi "hafsoshi" da kyau, "s" ta koma "sh" a gaban "i", daidai da yadda ta yi a "ƙasa" da "ƙasashe" a gaban "e". Kalmar da ta bi wannan doka ai ta zama 'yar gida, ba wanda zai ce mata baƙuwa.

Ita kanta "bariki" haka ta shigo, sannan ma'anarta ta faɗaɗa. Da farko mazaunin sojoji ce. Sai ta koma nufin unguwar Turawa da ma'aikata, sai kuma duk wata rayuwa ta nesa da gida inda ba idon iyaye. Daga nan muka sami "ɗan bariki" da "zaman bariki", har da karin maganar nan, bariki lahirar makwaɗaita. Da aka liƙa mata ɗafin "anci" sai ta ba da ma'ana biyu. Akwai barikanci na hali, irin ɗafin da ke cikin shashanci. Akwai Barikanci na harshe, irin ɗafin da ke cikin Turanci, Nufanci, Sakkwatanci. Na biyun shi ne abin da ya dame mu a yau.

DAGA INA HAUSAR BARIKI TA FITO?

Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga tarihinta ne daga 1863, lokacin da wani Baturen Ingila mai suna Glover ya tara wata 'yar ƙaramar runduna a Ikko. Yawancin mutanen masu jin Hausa ne, da yawansu bayi ne da suka tsere, har aka riƙa kiran rundunar Hausawan Glover. Irin waɗannan dakaru an kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903.

A wancan zamani in Bature ya ce "sojan Hausa", ba lallai Bahaushe yake nufi ba. A ciki akwai Barebari, Nufawa, Zabarmawa, Dakarkari, Angasawa, Tibi, Bacama da sauransu. Abin da ya haɗa su shi ne Hausa, don ita ce harshen aiki a rundunar, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta sun ci jarrabawa. To ka haɗa Baturen da ya koyi Hausa a littafi, da kurtun da ya baro ƙauyensu jiya bai taɓa jin ta ba, da samanjan da dole ya isar da oda tsakaninsu cikin gaggawa. Abin da zai fito shi ne Hausa mai sauƙi, wadda aka sauke mata duk wani kaya mai nauyi, aka cusa mata kalmomin Turanci na aiki. Wannan ita ce Barikanci.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1940, ɗan Nijeriya ba ya zama hafsa a wannan runduna. Ƙololuwar da zai kai ita ce samanja. Shi ya sa muƙamin ya yi kwarjini a idon mutanenmu. Misali shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma har yau akwai bariki mai sunansa a Lakwaja. A yaƙin duniya na biyu an kwashi dubban samarinmu a runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama. Da suka dawo sun dawo da kalmomi da salon magana, suka watsu a garuruwa a matsayin masu gadi, masinjoji, direbobi da 'yan doka. Kaduna kuwa, wadda ta zama hedikwatar Arewa bayan Zungeru, garin soja ce da ma'aikata tun farkonta. Ga Zariya kusa, inda ake horar da kurata tun 1924. Kun ga ke nan ba haɗari ba ne da wasan Samanja ya tsiro a Kaduna. Ƙasar ta daɗe da shan ruwa.

YAYA HAUSAR BARIKI TAKE?

Samanja a cikin wasa yakan cakuɗa Hausa da Turancin buroka, da kalmomin oda na filin fareti. Bariki kuma tattarar ƙabilu ce, kowa da irin Hausarsa. Bari mu ga manyan alamomin irin wannan Hausa. Misalan nan ni na tsara su don darasi, ba maganarsa ba ce na ɗauko.

Na farko, jinsi yakan faɗi. Komai sai ya koma namiji. Maimakon "matata ta zo" sai ka ji "matana ya zo". A wannan 'yar jimla an yi sauyi biyu: gajeriyar mallaka ta koma "na" maimakon "ta", zagin aikatau ya koma "ya" maimakon "ta". Dirka ma haka, "ce" takan ɓace, "ne" ta ɗauki aikin duka: "wannan mota ne".

Na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya sukan miƙe. "Ɗaki" ya zama "daki", "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" ta zama "bata". A nan ne dariya ta fi yawa, don ma'ana takan juye. Wanda ya so ya ce "na yi baƙi" ya ce "na yi baki" ya faɗi wani abu dabam.

Na uku, karin sauti da tsawon wasali sukan rikice. Bahaushe na bambanta "gari" na zama da "gari" na tuwo, da "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, ba tare da ya yi tunani ba. Mai koyo kuwa sai ya furta su iri ɗaya, sai dai a gane daga zancen.

Na huɗu, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yakan ba da wuya. Daidaitacciyar Hausa na cewa "su wa suka zo?" da "yaran da suka tafi". Mai Hausar bariki zai ce "su wa sun zo?" da "yaran da sun tafi". Wani ma yakan yar da zagin gaba ɗaya ya tsaya ga wakilin suna: "ni tafi kasuwa".

Amma a yi hattara. Ba duk wanda ya ce "rigan" maimakon "rigar" ne ɗan koyo ba. A karin harshen Zazzau da na Bauci akwai Hausawa haifaffu da haka suka tashi suna faɗi, haka ma Hausar zango a Gana ta sauke jinsi. Wannan karin harshe ne, yana da tsarinsa. Saboda haka kafin ka ce wa mutum ya yi kuskure, fara sanin daga ina ya fito.

DARIYA KO IZGILI?

Nan ne maganar take. Akwai masu ganin cewa irin wannan wasa yana koya wa yara gurɓatacciyar Hausa, yana kuma sa a raina waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Ba za a ce maganarsu ba ta da tushe ba. Duk malamin da ya koyar a makarantar da ta haɗa ƙabilu ya san yaron da ya daina ɗaga hannu a aji saboda ya taɓa cewa "yarinyan ya zo" aka fashe masa da dariya. Irin wannan yaro sau da yawa daga ranar ya yi sallama da darasin Hausa. Mun yi asarar mai koyo, wataƙila ma mun yi asarar marubuci.

Sai dai a ganina Samanja ba ya cikin masu wannan laifi, saboda dalili uku. Na ɗaya, shi kansa ba Bahaushe ba ne. Banufe ne da ya rungumi Hausa ya yi aikin rayuwarsa da ita. Ba daga waje ya tsaya yana nuna wasu da yatsa ba, a cikinsu yake. Na biyu, mai irin wannan Hausa a wasan ba shi ne wawan da ake tattakawa ba. Shi ne mai oda, shi ne mai gari a filin fareti. Dariyar tana kan hali da yanayi, harshen kuwa riga ce da ta dace da mai ita. Da an sa samanjan bariki yana zuba Hausa irin ta mai karanta labarai, da ba wanda zai yarda da shi. Na uku, Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin wasa da cin fuska. Muna da wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi. Sharaɗin wannan wasa shi ne kowa na da bakin ramawa, kuma a tashi ana abokai. In ɗaya ne kawai ke dariya, ɗayan na sunkuyar da kai, to an bar wasa an shiga wani abu.

Mu kuma tuna cewa Hausa ba ta kai inda ta kai da bakin Hausawa kaɗai ba. Fatake sun kai ta, malamai sun kai ta, amma soja da ɗan sanda da lebura da direba, waɗanda da yawansu ba Hausawa ba ne, su ma sun ɗauke ta sun kai ta inda Bahaushe bai taka ba. Miliyoyin da ke magana da ita a matsayin harshe na biyu su ne suka mayar da ita harshen kasuwa da tasha daga Jos zuwa Yola, daga Yamai zuwa Kumasi. Wanda ya bar nasa ya koyi naka, in ba ka gode masa ba, ai bai kamata ka kunyata shi ba.

Wannan ba yana nufin a bar gyara ba. A takardar jarrabawa, a littafi, a labaran rediyo, daidaitacciyar Hausa ake so, kuma wanda ya rubuta "matana ya zo" zai rasa maki, ko ɗan wane ne. Gyara aikinmu ne. Abin da ake so shi ne a gyara jimla a bar mutum da mutuncinsa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Yau a waya, Hausawa haifaffun Kano da Katsina ne ke rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa", suna rubuta "yazo" a haɗe, suna cewa "mota na". Samanja ya karya Hausa ne da gangan, ya san inda ya karya, ya san dalilin karyawar, aka kuma biya shi da dariya. Kurtun zamanin Lugga yana da uzuri, don jiya ya fara jin harshen. Mu da muka sha ta a nono, mene ne namu uzurin?

ABIN DA YA BARI

Samanja bai tashi shi kaɗai ba. Ban dariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tun daga 'yan kama da 'yan gambara da wawan sarki da wasannin tashe. Rediyo da talabijin ne suka ba ta sabon dandali. A Kaduna akwai Yusuf Ladan mai "Zaman Duniya Iyawa Ne", da Ƙasimu Yero wanda ya rasu a 2017. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, marubucin "Kulɓa Na Ɓarna". A Jos akwai Karkuzu. Waɗannan su ne suka share fagen da finafinan bidiyo suka zo suka taras a shekarun 1990. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, da sauran 'yan camama, sun ci gaba da wannan dabara ta kwaikwayon bakin wasu ƙabilu don ban dariya. Masu barkwancin waya na yau ma hanyar suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba. Ma'aunin da muka auna Samanja da shi, shi ne ya kamata mu auna su da shi: wa ake yi wa dariya, kuma shi yana dariyar?

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, ga fili nan a buɗe. Guntayen wasannin Samanja da ake samu a intanet taska ce ta harshe. A zauna a saurara, a rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi, ba tare da an gyara ba. A ware ararrun kalmomi, a duba inda yake sauyawa daga Hausa zuwa Turanci da abin da ke sa shi sauyawar, da wanda yake yi wa magana a lokacin. A nemi tsofaffin sojoji a unguwa tun suna raye a ji kalmomin da suka yi aiki da su, don da yawansu ba su shiga ƙamus ba. Hausar bariki ta wancan zamani tana tafiya ne tare da masu ita.

Aikin gida kuma ga kowa da kowa: mun ce jam'in soja sojoji, na hafsa hafsoshi, na kurtu kurata. To mene ne jam'in samanja, kuma wace doka ka bi ka fitar da shi? Sannan wanda ya san wata kalmar da ta shigo Hausa ta ƙofar bariki wadda ban ambata ba, ya kawo ta tare da garin da ya ji ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi, ya gafarta masa, ya sa dariyar da ya sa bayin Allah ta zama sanadin rahama gare shi. Ya jiƙan sauran magabatanmu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.